"Ba Ni Da Ɗa A Can": Raddi Ga Masu Juya Wa Firamaren Unguwa Baya

  

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, musamman a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a tsaya a yi mata raddi. Duk sa'ad da aka tayar da zancen firamaren gwamnati da ke cikin unguwa, ko an ce iska ta yaye kwanon aji, ko an ce yara na zaune a ƙasa, sai ka ji mutum ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ni ina ruwana? Ba ni da ɗa a can." Saurayin da bai yi aure ba yana faɗin ta. Magidancin da ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi yana faɗin ta. Dattijon da 'ya'yansa suka girma, shi ma haka. Kuma kowannensu yana faɗi da natsuwa, kamar wanda ya kawo hujjar da ba ta da amsa. Abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu shi ne, wannan magana tana daga cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da makarantun, kuma mai faɗin ta yana da hannu a ɓarnar, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba: su wane ne ke da ɗa a can?

Iyayenmu da suka yi firamare a zamanin En'e, da waɗanda suka shiga bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, za su gaya maka cewa benci ɗaya ake zama, ɗan hakimi da ɗan attajiri da ɗan lebura. Ba don mutanen wancan lokaci sun fi mu tsoron Allah ba ne lallai. Da wuya a samu wata makarantar da za a gudu a tafi, shi ke nan. Saboda haka in malami ya daina zuwa, a ranar labari zai kai kunnen wanda zai iya tsawatarwa, domin ɗansa na cikin ajin. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, albashin malamai ya fara maƙalewa, ajujuwa suka cika suka batse, sai masu hali suka fara zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Makarantun kuɗi suka tsiro a kowane lungu. Ban ga laifin uban da ya nema wa ɗansa abin da ya fi ba. Laifin yana ga abin da ya biyo baya: ranar da ya ɗauke ɗansa, ranar ya ɗauke idonsa da bakinsa.

Wa aka bari? Mai dako da mai tura ruwa da mai wankau, da bazawarar da ke sayar da ƙosai don ta ciyar da marayu biyar. Waɗannan su ne iyayen yaran firamaren gwamnati a mafi yawan unguwanninmu a yau. Mutum ne da in ya bar sana'arsa na rabin yini don ya je ofishin sakataren ilimi, ranar ba za a ɗora tukunya a gidansa ba, in ma ya je ɗin, a bakin ƙofa za a bar shi. Bai san yadda ake rubuta takardar koke ba, bai san lambar kansila ba, ba shi da aboki a gidan rediyo. To idan muka ce sharaɗin yin magana a kan makaranta shi ne mutum ya kasance yana da ɗa a ciki, mun yanke hukunci ke nan cewa babu mai magana sai wanda ba a jin maganarsa. Duk wanda ya ce "ba ni da ɗa a can" ya sa hannu a wannan hukunci.

Na san amsar da za a ba ni: ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu son a sauke wa gwamnati nauyinta. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya domin wannan aiki, a hannun hukumar UBEC. Amma akwai sharaɗi: kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine da kayan aiki, sai ta ajiye nata kuɗin kwatankwacinsa. Shekara da shekaru shugabannin hukumar na fitowa suna kuka cewa biliyoyin naira na nan jibge, jihohi da dama ba su zo sun ɗauka ba saboda sun ƙi ajiye nasu rabon. Ka yi tunani, ɗan'uwa. Ga kuɗi a ajiye da sunan yaran talakawa, ga yaran a ƙasa, kuma gwamna zai iya gama shekara bai waiwayi kuɗin ba, ya kwana lafiya. Me ya sa? Domin ya san waɗanda abin ya shafa ba su da murya, masu muryar kuwa sun ce ba su da ɗa a can.

A 2025 malaman firamare na Birnin Tarayya Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku a kan albashi da haƙƙoƙinsu. A Abuja fa, inda shugaban ƙasa da ministoci da 'yan majalisa suke kwana. Da a ce makarantun da 'ya'yan manya ke zuwa aka rufe, wallahi da ba a kai mako guda ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, ta sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko an yi adalci ko ba a yi ba, kuma ba wannan ne batuna ba. Tambayata ita ce, waɗannan malamai shekara nawa suka yi suna shiga aji a tsakiyar unguwanni cike da masu digiri, babu wanda ya taɓa leƙawa ya ga abin da ake rubutawa a allo? A watan Yunin 2024 gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya ce miliyoyin yara a ƙasa suke zaune. Miliyoyi ba sa ɓuya. A kowace unguwa suke, muna wuce su safe da rana, mun dai saba ne.

Gwamnati irin tamu ba ta motsi sai an tura ta. Wanda ya ce "aikin gwamnati ne" sannan ya koma majalisa ya ci gaba da musun ƙwallo, bai bar wa gwamnati aiki ba, ya bar wa gwamnati kuɗin ne kawai.

Sannan akwai ɓarnar da ba gwamnati ta yi ba, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Gwamna ne ke haurowa da dare yana cire tagogi da ƙofofi yana sayar wa 'yan jari-bola? Kwamishina ne ya mai da bayan aji wurin bahaya, har malamai su fara aikin safe da sa yara kwashe ƙazanta? Wa ke zubar da shara a jikin katangar makaranta har ta zama bola? Wa ke taruwa bayan magariba a cikin ajin 'yan aji ɗaya ana shan ƙwaya da sholisho? Wa ya matso da ginin gidansa taku uku cikin filin wasan yara, maƙwabta na gani suka yi shiru don kada a ɓata zumunci? Mu ne, 'yan unguwa. Kuma mafi yawan masu wannan aika-aika da masu kallonsu, ba su da ɗa a can. A nan ne ƙaryar maganar take fitowa fili. In an zo amfani, makarantar ta kowa ce: a nan muke buga ƙwallo da yamma, a nan ake kafa rumfunan biki, a nan ake rigakafi, a nan akwatin zaɓenmu yake. Da yawa daga cikinmu ba ma taka ƙofar firamaren unguwarmu sai ranar zaɓe, mu tsaya a layi a ƙarƙashin silin da ya zazzago, mu dangwala wa wanda zai manta da wurin, mu fita ba mu ko ɗaga kai ba. In an zo gyara kuwa, sai ta koma ta iyayen yara.

Ko filayen makarantun ma da aka yanka aka yi shaguna a wasu garuruwa, har ta kai a 2023 gwamnatin Kano ta shiga rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da na jikin makarantu, ba a dare ɗaya aka gina su ba. An haƙa harsashi da rana tsaka, an ɗora bulo da rana tsaka. Da a ce filin masallacin Juma'a aka taɓa, da kafin la'asar unguwa ta cika.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi shafar mu a matsayinmu na Musulmi. Mu mutane ne masu bayarwa, wannan ba a musu. Je ka ga masallatan unguwanninmu: tayil, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, sola, wani lokaci masallaci biyu a layi ɗaya, kowanne ba ya cika sahu uku sai da azumi. Allah Ya saka wa waɗanda suka gina. Amma a bayan katangar wannan masallaci akwai aji mai yara sama da ɗari, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, babu banɗaki, babu ruwan sha, kuma ba a taɓa miƙewa bayan sallah an ce a taimaka masa ba. Daga ina muka samo fahimtar cewa lada ta tsaya a ƙofar masallaci? Yaran nan 'ya'yan Musulmi ne, 'ya'yan maƙwabta ne, da yawansu marayu ne. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa marayu da miskinai da maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka umarce mu mu kyautata wa, kuma ba ta sa sharaɗin sai kana da ɗa a cikinsu ba. Yarinyar da ta fara girma ta daina zuwa makaranta saboda babu inda za ta kewaya cikin sutura, haƙƙinta yana wuyan wa?

Wani zai ce ai wannan boko ne, ilimin duniya. Wannan magana ta tsufa, amma tunda har yanzu tana aiki a zukata ko da ba a furta ta ba, bari a taɓa ta. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, malaman tarihi sun kawo cewa fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansarsu, kowane mutum yara goma. Ka lura da abu biyu. Malaman mushirikai ne, abin da suka koyar kuwa rubutu ne, ba tauhidi ba. Na biyu, fansar mutum ɗaya a lokacin tana kaiwa dirhami 4,000, kuma dukiyar da aka haƙura da ita ta jama'a ce, ba ta iyayen yaran kaɗai ba. Wato al'ummar farko ta biya kuɗin karatun 'ya'yan wasu daga aljihun kowa, a lokacin da take cikin tsananin talauci. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din, har ya yi kuka da garuruwan Musulmi da ke cike da masu jayayya a kan fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Ma'anar farillar kifaya kuwa kowane ɗalibi ya san ta: in wasu sun tsaya da ita an sauke wa kowa, in an rasa mai tsayawa, laifi ya hau kan kowa. Likita da nas da ungozomar da muke cewa muna so matanmu su samu 'yan'uwansu mata, daga aji ɗaya na firamare suke farawa.

Abin mamaki ma, al'adarmu ta riga ta san wannan. Makarantar allo ba ta taɓa tsayuwa da iyayen almajirai kaɗai ba. Wani ya ba da zaure, wata ta ajiye ɗan tuwo kullum saboda almajirin gidanta, wanda ba ta san ko garinsu ba. Duk abin da za a faɗa game da matsalolin almajirci a yau, kuma akwai su da yawa, wannan ɗabi'a ta ɗaukar nauyin karatun ɗan wani abin alfahari ce. Kakanninmu da suka ce ɗa na kowa ne ba su ware na firamare ba. Mu ne muka ware.

Wanda kuma duk wannan bai motsa shi ba, to ya dubi maslahar kansa. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da mutanen da suka hau jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi nufin huda wurinsu don su ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su, duka za a nutse. Ɗanka da ke makarantar kuɗi ba a wata ƙasa zai zauna ba. Yaron da ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba, shi ne gobe zai tsaya a kemis ya miƙa maka magani, shi zai tuƙa motar da iyalinka ke ciki, shi zai ɗaura maka wayar wuta a gida. In kuma bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, akwai masu jiran sa: dillalin ƙwaya, da ɗan siyasa mai neman 'yan daba, da wanda ya fi su sharri a daji. Muna ta ƙara wa katangunmu tsawo muna ɗora waya mai ƙaya, kuɗin da rabinsa zai gyara ajujuwa biyu.

To me saurayin da ba shi da ɗa, ba shi da kuɗi, zai iya? Akwai ƙofa a buɗe wadda da yawanmu ba mu san da ita ba. Ban da ƙungiyar iyaye da malamai, tun a tsakiyar shekarun 2000 majalisar ilimi ta ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kafa kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC. An tsara shi ne takanas domin waɗanda ba iyaye ba su samu kujera: akwai wakilin mai unguwa ko dagaci, da na malaman addini, da na mata, da na matasa, da na masu sana'ar hannu, da na tsofaffin ɗalibai, tare da hedimasta da wakilan malamai da na yaran kansu. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. A makarantu da yawa kwamitin yana nan a takarda kawai, sunaye ne da aka cike don a nuna wa masu duba makarantu. Kujerar matasa a firamaren unguwarku, wa ke kanta? In ba ka sani ba, mai yiwuwa babu kowa.

Kai da kake karanta wannan a wayarka kana da abin da uban yaron can ba shi da shi. Ka iya rubuta takarda da Turanci zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB, ka ajiye kwafi, ka koma bayan mako biyu ka tambaya. Ka iya ɗaukar hoton kwangilar da aka rubuta an gama alhali ko fenti ba a shafa ba. Ka gama jami'a ko kwalejin ilimi kana zaman jiran aiki. Awa biyu a mako kana koya wa 'yan aji uku haɗa baƙi, da izinin hedimasta, sun fi awa biyun da kake kashewa kana raddi ga mutanen da ba ka taɓa gani ba a Facebook. Kafinta da mai walda da birkila na unguwa in an roƙe su aikin gayya na Asabar ɗaya, da wuya su ƙi, ba a dai taɓa roƙonsu ba ne. Majalisar da ke zama daura da ƙofar makaranta har sha biyun dare ta fi kowane maigadi, in ta ga dama.

Sai dai a kiyaye abubuwa kaɗan, domin an sha ganin niyya mai kyau ta lalace. Kada a mai da abin neman suna, a raba littattafai goma a ɗauki hoto hamsin da fuskokin 'ya'yan mutane. Kada a shiga makaranta da fuskar 'yan sanda ana tozarta malamai a gaban ɗalibai. Malamin firamare na daga cikin ma'aikatan da aka fi zalunta a ƙasar nan, kuma hedimastan da ya ga an zo kama shi zai rufe ƙofa, wanda ya ga an zo taya shi zai buɗe har littafin rajista. Kada kwamiti ya koma ɗora wa iyaye talakawa haraji, domin naira ɗari biyun da kake gani ba komai ba ita ce ke mayar da yarinya talla. Kuma duk kwanon da jama'a suka saya, a rubuta shi a aika wa hukuma tare da jerin abin da ya rage, don kada gudummawarmu ta zama hutun wanda aka ba amanar kuɗin. Haka nan a kori tutar jam'iyya da ta ƙungiyar addini daga wurin. Ranar da aka ce kwamitin na 'yan kaza ne, ranar sauran unguwa za su janye.

Limaman unguwa ma suna da rabo a nan, kuma ku matasa ku ne za ku kai musu maganar cikin ladabi. Sanarwa ɗaya bayan sallar isha'i cewa yin bahaya a makaranta cutar da maƙwabci ne, sayen tagar da aka san ta makaranta ce sayen kayan sata ne, za ta yi aikin da takardar hukuma goma ba za ta yi ba.

Ofishin hedimasta yana buɗe ranar Litinin da safe. A je mutum biyu ko uku, a yi sallama, a gabatar da kai a matsayin 'yan unguwa. A tambaye shi yara nawa ne a rajista, malamai nawa ke zuwa, ajujuwa nawa ke da rufi, banɗakin 'yan mata yana aiki ko ba ya yi, yaushe kwamitin makaranta ya yi zama na ƙarshe, kuma su wane ne a cikinsa. A rubuta amsoshin a takarda, a kai wa mai unguwa kwafi ɗaya, liman kwafi ɗaya.